Mura, zawo da kafso: wane yaro ne ke buƙatar antibayotik?

Nas ɗin Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hunturu ya shigo Sakkwato, hazo ya rufe gari, kusan kowane gida akwai yaro mai tari da majina. Yanzu ne kwalaben antibayotik irin su amoksisilin da Septrin ke ƙarewa a kemis. Ina son mu zauna kan maganar nan: wane yaro ne ke buƙatar antibayotik, wane ne ba ya buƙata, in kuma an rubuta yaya ake ba da shi daidai. Likita, bismillah.

Likitan Yara: Wa alaikumus salam. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne, akwai bakteriya akwai bairas, antibayotik kuwa bakteriya kawai yake kashewa. Mura, da mafi yawan tarin hunturu, da mafi yawan zawon yara, bairas ne ke kawo su, shi kuwa ba ya jin amoksisilin ko an juye wa yaro kwalba guda. Mura kan yi mako ɗaya zuwa kwana 10, tarin na iya jan ƙafa har mako biyu. Majina ta koma kore ko ruwan ɗorawa a kwana na uku ko na huɗu, wannan tafiyar mura ce da ma, ba ta nuna bakteriya ta shiga.

Abin da ke raba mura da limoniya a hannunmu shi ne numfashi. A bar yaro ya natsu, kada yana kuka ko yana shan nono, a ɗaga rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga tashin ciki minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye sauri ne. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kuma ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan iska, wannan ma alamar limoniya ce. Waɗannan su ne masu buƙatar amoksisilin. Wanda numfashinsa ke daidai, yana ci yana wasa, abin da yake so shi ne ruwa da nono da yawa, ɗigon ruwan gishiri a hanci in ya toshe, farasitamol in zazzaɓi ya dame shi, da zuma cikin ruwan ɗumi in ya wuce shekara ɗaya. Ƙasa da shekara ba a ba da zuma.

Mai Kemis: Likita, Allah shi ba ka lafiya, maganarka gaskiya ce amma ka duba inda muke tsaye. Uba ne zai taho da dare, yaro ba ya tare da shi, ya ce a haɗa mai na mura. In anka ba shi farasitamol kaɗai sai ya ga an raina shi, ya wuce shagon gaba inda za a haɗa mai kala huɗu cikin leda. Asibiti kuma akwai kuɗin kati, kuɗin Keke, da layin wuni guda. Mi za mu yi?

Malamar Asibitin Karkara: Malam, abu na farko a ce a kawo yaron. Ba a ƙirga numfashi ta bakin uba. Minti ɗaya ne aikin, kuma in iyaye sun ga an ɗaga riga an ƙirga an faɗa masu lambar, sun fi yarda da cewa mura ce. Abin da suke nema shi ne a duba masu ɗa. Sannan a faɗa masu abin da zai sa su garzaya asibiti ko tsakar dare ne: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ana jin ƙarar numfashinsa alhali yana kwance a natse. Mai irin waɗannan ba na sirop ba ne, na allura ne a gadon asibiti.

Likitan Yara: Kuma kada a ɗora wa kemis laifin duka. A asibitoci ma ana rubuta allurar seftiriyazon ga yaron da amoksisilin zai ishe shi, saboda iyaye sun fi ganin girman allura, ko saboda layi ya yi tsawo ba a tsaya an duba ba. Kowa na da nasa kason.

Baban Tagwaye: Ni abin da ban gane ba, in ya sha bai yi mai amfani ba, ai bai cutar da shi ba ko? An ce jiki ne ke sabawa da magani.

Ɗan Lab: Ba jikin yaro ke sabawa ba, Alhaji, ƙwayoyin ne. Cikin hanji da hanci da fatar kowane yaro akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, mafi yawansu masu amfani. Duk sadda ya sha antibayotik, masu rauni su mutu, 'yan kaɗan da ke da dabarar kare kansu su saura, fili ya zama nasu su hayayyafa. Kamar feshin ciyawa ne da aka tsinka da ruwa: mai taurin kai ce ke tsira, ita ce kuma za ta zuba iri bana. Wasu na fitar da sinadarin da ke farfasa maganin, wasu na tofar da shi waje kafin ya yi aiki, kuma suna iya miƙa wa wata bakteriya daban wannan dabarar. Daga nan ta bi kashi, ta bi hannu, ta bi ruwan sha, ta shiga ƙanensa da bai taɓa shan maganin ba. Ranar da irin wannan ƙwayar ta shiga fitsari ko jini, sai a kawo mana samfuri mu shuka, wato mu raini ƙwayar a lab, mu jera magunguna a faranti, mu ga ta tsiro har jikin amoksisilin da Septrin da seftiriyazon ba abin da ya dame ta. Abin da ya rage sai masu tsada irin meropenem, wanda ba kowane gida ke iya saye ba, ba kuma kowane gari ake samu ba.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin jure shi.

Mai Harhaɗa Magunguna: Wannan ƙasa da kimar nake son in tsaya a kai, don nan ne ɓarna ta fi yawa ko ga yaron da ke buƙatar maganin da gaske. Maganin yara da nauyi ake ba da shi. Ga limoniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amoksisilin miligiram 40 kan kowane kilo, sau biyu a rana. Ku ɗauki yaro mai kilo 10: miligiram 400 da safe, 400 da dare. In sirop ɗin mai 125 cikin mil 5 ne, mil 16 ke nan kowane sha. Kwana biyar zai ci mil 160, ga shi kwalbar mil 100 ce ko 60. Kwalba ɗaya ba ta kai ba ke nan. Abin da aka saba yi kuwa, cokali ɗaya sau uku, miligiram 375 a wuni, bai kai rabin 800 ɗin da yake buƙata ba. Sai a ce maganin bai yi ba, a sauya zuwa mai ƙarfi, alhali ba a taɓa ba da na farkon yadda ya kamata ba. A duba jikin kwalba kuma, akwai mai 250 cikin mil 5, shi mil 8 ne ga wannan yaron. Rikita biyun nan na sa a ba da rabi ko ninki.

Wajen haɗa garin: a tafasa ruwa a bari ya huce sarai, a bubbuga kwalbar garin ya saki, a zuba ruwa rabi a girgiza, a bari kumfa ya kwanta, sannan a cika daidai layin da ke jikin kwalba. Ruwan zafi na lalata shi. In an wuce layi an tsinka shi. A girgiza kafin kowane sha don maganin na kwantawa ƙasa, in ba haka ba kwanakin farko ruwa yaro zai sha. A auna da sirinji marar allura ko ɗan kofin da ya zo da shi, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Sirinjin a sa shi gefen kumatu a tura a hankali, kada a toshe wa yaro hanci a ɗura masa, yana iya shaƙewa ya wuce huhu.

Nas ɗin Yara: Ajiya fa? Watan Afrilu da Mayu zafin garin nan na wuce 40, wuta kuma ta zo ta tafi.

Mai Harhaɗa Magunguna: Irin su Augmentin bayan an haɗa sai firij, kuma kwana 7 ne iyakarsa. In ya yi duhu a zubar. Gidan da babu firij gara a gaya wa mai rubutawa tun farko. Amoksisilin zalla ya fi jurewa, a ajiye shi inuwa kusa da randa, a bi kwanakin da aka rubuta a kwali. Amma abin da ya fi dacewa da mu shi ne amoksisilin mai narkewa, ƙwaya mai miligiram 250. Ba ruwanta da firij, ba awo. A sa ta cikin cokali ko ƙaramin kofi da ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa, ta narke nan take. Wata 2 zuwa 11 ƙwaya ɗaya sau biyu a rana, shekara 1 zuwa 3 ƙwaya biyu sau biyu, shekara 3 zuwa 5 ƙwaya uku sau biyu. Galibi kwana 5 ake rubutawa. Kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Jabun magani mai ƙarancin sinadari ɓarnarsa ɗaya da shan rabi.

Ungozoma: Tau, ku bari in shigo da na jarirai, don nan raina ya fi ɓaci. An mai da ɗigon Ampiclox kamar wani sashe na kayan haihuwa. Jariri lafiyayye, kwana biyu da zuwa duniya, a ce a ɗiga mai don wanke ƙazantar da ya sha, ko don cibiya, ko don shawara. Babu ɗaya cikin ukun ga da yake magani. Cibiya abin da anka yarda da shi shi ne man kulohekzidin na kashi 4, a shafa da hannu mai tsabta, kuma kada ya kusanci ido. Ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma. Shawara kuwa auna ta ake yi, in ta yi yawa a sa jariri ƙarƙashin fitila ta musamman.

Jaririn da bai kai wata 2 ba in ya yi zazzaɓi, ko jikinai ya yi sanyi ƙalau, ko ya bar kama nono, ko numfashi ya kai 60, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, wanga ba na ɗigo ba ne ko kaɗan. Asibiti ne a ranar. Ɗigon ɓoye ciwon yake yi har a makara.

Likitan Yara: Hajiya ta gama magana. In ƙara da cewa wasu magungunan na da haɗarinsu na daban ga ƙanana. Kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, da ake farkewa a zuba a koko, yana ɓata haƙoran yaro 'yan ƙasa da shekara 8 su fito da launin da ba ya goguwa. Kuloramfenikol na iya kashe jariri don hantarsa ba ta iya sarrafa shi ba tukuna. Jentamaisin in an wuce kima yana taɓa ƙoda da ji. Seftiriyazon ba a son sa ga jariri mai shawara. Septrin na iya kawo wani mugun ƙurji mai saɓule fata da baki, kuma yaron da ke shan sa ba a haɗa masa da maganin rigakafin maleriya da ake rabawa gida-gida da damina, don dangi ɗaya ne da ɗaya daga cikin ƙwayoyin.

Malamar Asibitin Karkara: Sai zawo, inda Flagyl ya zama sarki. An ce zawon haƙori ne, a ba da Flagyl da Septrin. Fitar haƙori ba ta kawo zawo, lokacin ne dai yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Zawon ruwa abin da ke kisa a cikinsa bushewar jiki ce. A haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin fakitin, mafi yawa lita ɗaya ne, a zubar da abin da ya kwana ya wuni. Bayan kowane zawo, ƙasa da shekara 2 a ba shi mil 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ko zawon ya tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Nono da abinci kada a tsaida. Antibayotik sai in an ga jini a kashin, wato atini, ko ana zargin kwalara. Ko atinin ma wani antibayotik, sipro, aka fi ba yara na kwana 3 bisa nauyi, don mafi yawansa ba irin wanda Flagyl ke kashewa ba ne.

Mai Kemis: To zazzaɓi fa? Nan kowa maleriya da taifot yake cewa, har da takardar gwaji a hannu.

Ɗan Lab: Takardar gwajin jini na Widal ce, kuma ita kaɗai ba ta tabbatar da taifot. Tana iya nunawa ga wanda ya taɓa yi tuntuni, ko mai maleriya, ko mai wani ciwon daban. Da ita ake ɗirka wa yara sipro da allurai ba dalili. Yaro mai zazzaɓi a fara da gwajin maleriya na tsinke, minti 15 zuwa 20 ya fito. In ya nuna, maganin maleriya sha shida cikin kwana uku, ba sai an ɗora antibayotik a kai don ko-ta-kwana ba. In bai nuna ba a duba kunne, makogwaro, ƙirji, fata, a gwada fitsari. Taifot na gaske da shuka jini ake kama shi, kwana biyu zuwa uku ko fiye, kuma a ɗebi jinin kafin a fara magani, in an riga an sha magani sau da yawa ƙwayar cutar ba ta tsirowa. A Pakistan tun 2016 aka samu taifot da ya bijire wa kusan duk magungunan sha in ban da azitromaisin. Hanyar da muke bi ke nan in ba mu rage ba.

Jami'in Rigakafi: Da kuka ambaci azitromaisin, mutane na tambaya: ku ce kada a sha ba ciwo, ga shi kuma ana bi gida-gida ana ɗiga wa jarirai shi a jihohin arewa. Yaya ke nan?

Likitan Yara: Tambaya ce mai kyau, masana ma sun yi ta ja a kai. Gwajin da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka buga a 2018, ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100, a Nijar kusan 18. An kuma ga bijirewar ƙwayoyi ga dangin maganin ta ƙaru a garuruwan da aka raba. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, da sharaɗin ana bibiyar bijirewar. Ciniki ne aka yi ido buɗe, da awo da lissafi. Ni a ganina ya halatta inda yara ke mutuwa da yawa, amma bai zama hujjar kowa ya sayi azitromaisin don mura ba. In ma an lura, rabon ya ƙara wajabta mana tsuke hannu a sauran wuraren.

Nas ɗin Yara: Kada kuma wani ya karanta zauren nan ya ji tsoron maganin gaba ɗaya. Akwai inda jinkirinsa ke kisa. Sanƙarau lokacin zafi, ga mu cikin yankinsa: zazzaɓi, sanƙarewar wuya, maɗigar jariri ta kumbura, awa ɗaya ma tana da daraja. Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda awon damtsensa ya faɗa ja ƙasa da santimita 11.5, ana ba shi amoksisilin ko ba zazzaɓi don jikinsa ba ya nuna ciwo. Cutar noma, mai cin baki da fuska, da ake jinya a asibitinta na nan Sakkwato da dasashi mai kumburi da jini da warin baki take farawa, a wannan matakin antibayotik da wanke baki da abinci na tsaida ita kafin ta ci kumatu. Ciwon makogwaro mai farin ruwa a 'yan makaranta, da zazzaɓi ba tari, shi kwana 10 ake sha cur don kare zuciya, kuma cire beli wurin wanzami ba ya maganinsa.

Likitan Dabbobi: Ku ba ni wuri kaɗan. Allurar oksitetirasaikilin da ake yi wa shanu, da garin da ake zuba wa kaji a ruwa kullum, dangin na mutane ne. Kowane na da kwanakin jira a jikin kwalba kafin a sha nonon ko a ci ƙwai da nama. In ba a jira ba ragowar na shiga furar yaro. Tafasa nono na kashe ƙwayoyi amma ba ta kawar da ragowar maganin duka.

Jami'in Rigakafi: Ta wajenmu kuma, duk ciwon da aka hana kwalba ɗaya ce ba a buɗe ba. Penta, wato allurar rigakafin cututtuka biyar, da rigakafin limoniya a mako 6, 10 da 14, na rota da aka shigo da shi a 2022 don zawo, na ƙyanda a wata 9 da 15. Ƙyanda kaɗai kan jawo limoniya da ciwon kunne da zawo a bayanta.

Baban Tagwaye: Na ƙaru ƙwarai. Saura abu uku: in yaro ya warware a kwana na biyu, in ya amayar, da in an manta sha ɗaya. Kuma ragowar kwalbar Hassan ba za ta yi wa Husaini ba?

Mai Harhaɗa Magunguna: Sauƙin kwana na biyu zazzaɓi ne ya sauka, ƙwayar cutar ba ta ƙare ba, a cika kwanakin da aka rubuta. Kada kuma a ƙara wasu kwanaki don a tabbatar, wannan ma ɓarna ce. In kwana 2 zuwa 3 sun wuce ba sauƙi, ko abin ya ƙaru, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a sauya da kai. In ya amayar nan take, cikin kamar rabin awa, a bari cikinsa ya kwanta a sake ba shi. In an jima kafin aman, a jira lokaci na gaba. Wanda aka manta a ba da shi da an tuna, sai dai in na gaba ya kusa, to a tsallake, ba a haɗa biyu. Ɗan sakin ciki kan faru da amoksisilin, ba ya sa a tsaida. Amma ƙurji mai ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, ko wahalar numfashi, a tsaida a tafi asibiti, a kuma rubuta sunan maganin a katin yaron.

Ragowa kuwa, Alhaji, in an auna daidai da wuya a samu mai yawa. Abin da ya saura a juye shi cikin ƙasa ko toka a leda, a ƙulle a sa a shara, nesa da rijiya. Husaini in ya fara tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga nasa numfashin, a kuma ɗora shi a sikeli, don ko tagwaye ba lalle nauyinsu ya zo ɗaya ba.